Stalingrad a Kan Teburi

Ranar Asabar da yamma, a wani ɗakin taron unguwa a Ingila ko Jamus ko Amurka, kana iya tarar da magidanta biyu sun sunkuya a kan teburi mai tsawon ƙafa shida da faɗin ƙafa huɗu. An shimfiɗa masa farin ƙyalle, wai dusar ƙanƙara ke nan. Ga 'yan bukkokin katako da ba su fi tafin hannu ba, ga itatuwan waya da soso, ga kogi na shuɗin fenti. A wannan gefen sojojin Jamus ne, 'yan mutum-mutumin roba ko dalma masu tsayin gaɓar yatsa, kowanne an zauna da burushi an yi masa fenti har maɓallin riga. A wancan gefen kuma dakarun Tarayyar Sobiyet. Ɗaya ya zaro tef ɗin awo, ya auna inci nawa ne tsakanin tankarsa ƙirar Panzer IV da T-34 ɗin abokinsa, sannan ya jefa dais irin na ludo. Shida ta fito. Abokin ya ja tsaki, ya ɗauko curin auduga da aka shafa wa baƙin fenti ya ɗora a kan tasa tankar, alamar ta kama da wuta. Su yi dariya, ɗaya ya tashi ya haɗa shayi.

Abin da suke kwaikwayo shi ne fagen gabas na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suke kira yaƙin Hitila. An buɗe wannan fage ranar 22 ga Yunin 1941, lokacin da sojojin Jamus da na ƙawayenta fiye da miliyan uku suka tsallaka iyakar Sobiyet, kuma ba a rufe shi ba sai a Balin cikin Mayun 1945. Tarayyar Sobiyet kaɗai ta yi asarar rayuka kimanin miliyan 27, mafi yawansu fararen hula. Duk wanda ya riƙe wannan adadi a ka, sannan ya kalli wancan curin auduga, dole wani abu ya ɗarsu a ransa. Shin ya dace a mayar da irin wannan masifa abin nishaɗin yammacin Asabar?

Masu kare wasan kan fara da tarihi, kuma tarihin yana gefensu fiye da yadda mai suka zai so. Ba yara ne suka ƙirƙiro wasan yaƙi a kan teburi ba, sojoji ne. A 1824 wani matashin hafsan atilare na masarautar Furushiya, Georg von Reisswitz, ya gyara wasan da mahaifinsa ya tsara, ya mayar da shi kan taswirar gaske, da 'yan tubalan dalma a matsayin rundunoni, da alƙalin wasa mai yanke hukunci, da dais domin abin da ba a iya hange. Shugaban hafsoshin ƙasar, Janar von Müffling, da ya gani sai ya ce ai wannan horo ne na yaƙi, ya ba da shawarar a yaɗa shi cikin rundunar soja. Bayan da Furushiya ta lallasa Faransa a 1870 zuwa 1871, sauran ƙasashe suka yi rububin kwaikwayon abin.

Har ma wannan fagen gabas da muke magana a kai, sai da aka buga shi a teburi kafin a harba harsashi ko ɗaya. A ƙarshen 1940 Janar Friedrich Paulus ya jagoranci jerin wasannin taswira don gwada shirin mamayar. Wasan ya nuna musu cewa ƙasar sai ƙara faɗi take yi gwargwadon kutsawarsu gabas, kuma dakarun da suke da su da ƙyar za su wadatar. An ji, an wuce. Shekara biyu bayan haka Paulus ɗin ne ya miƙa wuya a Stalingrad, ranar 31 ga Janairun 1943. A can Mosko ma, cikin Janairun 1941, manyan hafsoshin Sobiyet sun yi nasu wasan, inda Georgy Zhukov ya riƙe ɓangaren maharan yamma a zagayen farko, Dmitry Pavlov kuma ya riƙe na gida. Zhukov ya faɗa a littafinsa cewa shi ya yi rinjaye. Cikin wancan watan aka naɗa shi shugaban hafsoshi. Pavlov kuwa, da yaƙin gaske ya zo aka yi wa dakarunsa ƙawanya a kusa da Minsk, shugaban Sobiyet Stalin ya sa aka harbe shi a watan Yuli. Saboda haka mai kare wasan zai ce: abin da ya iya gaya wa janar-janar gaskiyar da suka ƙi ji, yaya za a kira shi shiririta?

Hujjarsu ta biyu ta fi wannan kusa da talaka. Sun ce akwai ilimin da karatu ba ya bayarwa sai hannu ya taɓa. Kana iya karanta cewa layin dogon Sobiyet ya fi na Jamus faɗi, don haka sai da aka riƙa sake shimfiɗa shi kafin jiragen Jamus su bi. Kana iya karanta cewa rundunar da ake yi wa kirari da injina ta shiga Rasha da dawakai fiye da 600,000 suna jan igwa da abinci. Amma ranar da ka zauna gaban taswira mai gidaje masu kusurwa shida, ka tura 'yan kwalayen tankokinka har ƙofar Mosko, sai dokar wasa ta ce maka ruwan kaka ya sauka, hanya ta zama taɓo, tafiyarka ta ragu, mai bai iso ba, a nan ne za ka ji abin a jikinka. Wanda ya saba buga dara ya san bambancin mai kallo da mai riƙe da 'ya'ya: mai kallo yana ganin komai da sauƙi. Wasan yana koya wa mutum tawali'u game da hukuncin da yake yanke wa mutanen da. Akwai kuma sana'ar hannun da ke ciki, da binciken launin kaki da alamun runduna, da zumuncin mutanen da in ba don wannan teburi ba da kowa yana gida shi kaɗai gaban talabijin.

Marubucin Ingila H. G. Wells, wanda ya fitar da littafin dokokin wasa da sojojin dalma mai suna Little Wars a 1913, mai ƙin yaƙi ne. Ra'ayinsa shi ne, duk wanda ya buga ƙaramin yaƙi sau uku ko huɗu zai gane irin wautar da babban yaƙi yake. Shekara ɗaya bayan fitowar littafin aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ban faɗi haka don in yi masa dariya ba, sai don a san iyakar maganin.

To, masu suka fa? Sukar da ta fi saurin zuwa baki ita ce ta mutuncin mamata: mutanen da suka ƙone cikin tankokin nan 'ya'yan wasu ne, bai kamata a yi dariya a kan kabarinsu ba. Ina girmama wannan magana, amma ita ce mafi rauni a cikin tuhumar. In aka bi ta har ƙarshe, sai an rufe fina-finan yaƙi da littattafan hikaya da ake sayarwa don riba. Kuma jikokin mamatan da kansu suna wasan. Kamfanin Zvezda na Rasha yana ƙera 'yan sojojin roba na ɓangarorin biyu, har ya fitar da wasan teburi a kan mamayar 1941. Wasan kwamfuta na World of Tanks a Minsk aka gina shi, babban birnin Belarus, ƙasar da yaƙin ya ci kusan rubu'in mutanenta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba na jin ɗan kallo daga nesa yana da hurumin hana su.

Tuhumar da ta fi ciwo tana cikin waɗancan 'yan bukkokin da ke tsakiyar teburi. Duba su da kyau, babu kowa a ciki. A dokar wasa bukka mafaka ce, tana rage wa maharbi damar samun wanda ya laɓe a bayanta, shi ke nan amfaninta. A ƙasar gaske kuwa akwai mutane a cikinta, kuma abin da ya same su yana cikin manufar yaƙin tun daga tushe. Gwamnatin Nazi ta shiga gabas da niyyar ƙwace ƙasa da rage mutanenta da yunwa da harsashi. Tun ranar 6 ga Yunin 1941, kafin a fara harbi, aka ba sojoji umarnin kashe duk jami'in jam'iyyar Kwaminis na cikin soja da aka kama. A kwarin Babi Yar da ke Kiev an harbe Yahudawa 33,771 cikin kwana biyu a ƙarshen Satumban 1941. An killace Leningrad kwana 872. Cikin fursunonin yaƙi na Sobiyet kimanin miliyan 5.7, wajen miliyan 3.3 sun mutu a hannun Jamus, kuma rundunar soja ce ke tsare da su. A ƙauyen Khatyn na Belarus, ranar 22 ga Maris 1943, an tura mutanen gari cikin rumbu aka cinna wuta, mutum 149 suka halaka, kuma ɗaruruwan ƙauyuka sun ga irin wannan. Teburin wasa ya share duk wannan, ya bar fili fes da ƙungiyoyi biyu masu kaki daban-daban, kamar Kano Pillars da Enyimba. Mai suka zai ce wannan sharar da kanta ƙarya ce, ko da kowane maɓallin riga an yi masa fentin da ya dace.

Akwai kuma tambayar da ni na fi ba nauyi: daga bakin wa dokokin wasan suka samo labarinsu? Bayan 1945 ɗakunan ajiyar takardun Sobiyet a kulle suke, ga kuma yaƙin cacar baki ya mayar da abokin jiya abokin gaba. Sojan Amurka ya tara ɗaruruwan tsofaffin hafsoshin Jamus su rubuta masa tarihin fagen gabas, ƙarƙashin kulawar Franz Halder, mutumin da yake shugaban hafsoshin sojan ƙasa lokacin da aka tsara mamayar. A 1961 har lambar yabo Amurka ta ba shi. Heinz Guderian ya fitar da littafinsa. Erich von Manstein, wanda kotun sojan Birtaniya ta samu da laifukan yaƙi a 1949 aka kuma sake shi a 1953, ya fitar da nasa a 1955. Labarin da suka bayar kusan iri ɗaya ne: mu gwanaye ne masu tsabtar hannu, kisan gilla aikin 'yan SS ne, wato dakarun jam'iyyar Nazi, abin da ya kayar da mu shi ne taurin kan Hitila da sanyi da yawan Rashawa da suke zuwa kamar fara. Wanda aka kayar a kokawa shi aka bar wa makirufo.

A daidai wannan zamanin ne wasan yaƙi na kasuwa ya tashi. Charles Roberts ya fitar da Tactics a 1954, ya kafa kamfanin Avalon Hill a 1958. Kamfanin ya fitar da Stalingrad a 1963, PanzerBlitz a 1970, Squad Leader a 1977. Masu tsara su sun yi aiki da littattafan da ke hannu, kuma littattafan da ke hannu su ne na janar-janar ɗin. Masana tarihi biyu na Amurka, Ronald Smelser da Edward Davies, sun bi sawun wannan a littafinsu The Myth of the Eastern Front na 2008, kuma wasannin teburi suna cikin abin da suka tuhuma. Abin da ya sa lamarin ya fi na littafi haɗari shi ne, marubuci yana faɗin ra'ayinsa da baki, kana iya musa masa. Wasa kuwa yana ɓoye ra'ayinsa a cikin lamba. In an buga wa rukunin Jamus shugabanni da yawa a kwali, na Sobiyet kaɗan, to a kowane zagaye hannunka da kansa zai tabbatar maka cewa Bajamushe gwani ne, Barashe kuma garke. Ba wanda ya yi maka wa'azi, kai ka jefa dais ɗin.

Wannan gado bai ƙare ba. A wasan Bolt Action, wanda kamfanin Warlord Games na Nottingham ya fara fitarwa a 2012, an taɓa ba mai riƙe da Sobiyet rukunin sojoji marasa ƙwarewa kyauta, a kuma ba shi jami'in jam'iyya wanda in rukuni ya ƙi bin umarni zai harbe mutum ɗaya a sake jefa dais. Ba a ƙirƙiri abin daga iska ba, don umarnin Stalin mai lamba 227 na Yulin 1942 ya hana ja da baya, ya kuma kafa rundunonin tare masu gudu. Amma in wannan ne tambarin da aka zaɓa wa rundunar da ta tsara farmakin Bagration a 1944, ta ruguza babbar rundunar tsakiya ta Jamus cikin 'yan makonni, ta kuma zagaya da fursunoni kusan 57,000 a titunan Mosko, to an rage mata mudu. Haka kuma tankar Tiger, wadda aka ƙera kimanin 1,350 kacal a duk yaƙin, tana yawo a teburan wasa kamar ita ce abin hawan kowa, alhali T-34 ta haura 50,000.

Ko sunan da ake kiran ɓangarorin ma akwai gyara. "Jamusawa da Rashawa" ake cewa don sauƙi. Amma rundunar Sobiyet ta ƙunshi 'yan Yukren da Belarus da Jojiya da Armeniya, da ɗimbin Musulmi daga Kazakistan da Uzbekistan da Azarbaijan da ƙasar Tatar. Rundunar Panfilov da ta yi suna wajen kare Mosko a 1941 a Alma-Ata aka haɗa ta. A ɗaya gefen kuma, ta wajen sojojin Romaniya aka fasa layi ranar 19 ga Nuwamban 1942 aka yi wa Stalingrad zobe.

Masu wasan suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Da farko sun ce, a 1941 da 1942 ƙananan rukunonin Jamus sun fi ƙwarewa da gaske, don Stalin ya riga ya yi wa hafsoshinsa yankan rago a 1937 da 1938, saboda haka ba kowace lamba mai fifita Jamus ce farfaganda ba. Sannan sun ce gyaran da aka samu bayan buɗe takardun Sobiyet, ta hannun masu bincike irin su David Glantz, ya shiga cikin sababbin wasanni, kuma sau da yawa masu wasa sun riga jama'a karanta shi. Gyaran ma ba gefe ɗaya ya bi ba. Shekara da shekaru ana cewa a Prokhorovka, ranar 12 ga Yulin 1943, an ƙone ɗaruruwan tankokin Jamus. Da aka duba takardu sai aka ga rundunar Janar Rotmistrov ta Sobiyet ce ta yi asarar tankoki fiye da 200, asarar Jamus a ranar kuwa kaɗan ce. Kowane ɓangare ya yi wa tarihinsa kwalliya, kuma mutumin da ke ƙirga tankoki don ya tsara wasa yana cikin masu saurin kama ƙarya.

Game da bukkar da babu kowa, amsarsu tambaya ce: me kuke so mu yi? Mu sa doka ta ƙona ƙauye, a jefa dais a ga mutum nawa suka mutu? Ai wannan ya fi muni. A nan na yarda da su rabi. A 2009 wata mai tsara wasanni a Amurka, Brenda Romero, ta yi wani wasa mai suna Train, inda masu wasa ke cusa 'yan mutane cikin taragun jirgin ƙasa suna tsere, sai daga baya su gane cewa sansanonin kisa na Nazi suke kai su. Abin yana girgiza mutum, amma kwafi ɗaya ta yi, kuma ba abu ne da za a riƙa bugawa kowace Asabar ba. Akwai abin da dais ba zai iya ɗauka ba, kuma gara a bar shi a waje da a shigo da shi a wulaƙanta.

Sai dai barin abu a wajen teburi daban, mantawa da shi daban. Inda na rabu da masu kare wasan shi ne lokacin da suka ce "wasa ne kawai". Ba za ka yi alfahari da cewa wasanka yana koyar da tarihi ba, sannan da an nuna maka tarihin da ya tsallake ka fake da cewa nishaɗi ne. Wanda ya kwashe wata uku yana binciken ainihin launin rigar wata rundunar SS ba shi da uzurin rashin sanin ƙauyukan da ta bi ta cikinsu. Yawancin masu tara sojojin Jamus ba su da wata muguwar aƙida, ƙirar injin ce ta burge su, ko kuwa abokinsu ya riga ya ɗauki Sobiyet kuma dole wani ya riƙe ɗaya gefen. Amma akwai 'yan tsirarun da sha'awarsu ta wuce fenti, kuma masu wasa sun san su. Jamus da kanta ta haramta nuna alamar Nazi a bainar jama'a in ba don ilimi ko fasaha ko bincike ba, shi ya sa akwatunan 'yan jiragen sama na roba da yawa suke zuwa babu ita a jikin hoto.

Ni dai ba zan ce a naɗe farin ƙyallen ba. Ina ganin wasan halal ne ga mai yinsa da ido buɗe, kuma na fi amincewa da wanda ke ɗaure ɗan wasa da matsalar mai da taɓo da umarnin da bai iso ba, fiye da wanda ake raba wa kowa maki 1,000 daidai wa daida a ce a kara. Babu janar ɗin da ya taɓa neman faɗan adalci, kowa so yake ya tarar da abokin gaba yana barci. Wannan daidaiton ma wata ƙarya ce, ko da yake ita ce ke sa abokai biyu su dawo mako mai zuwa. Abin da nake nema bai da yawa: takardar da ke bayanin fagen da za a buga, wadda ake karantawa kafin a jefa dais na farko, ta faɗi sunan ƙauyen, ta faɗi abin da ya sami mutanensa, ta kuma faɗi daga littafin wa aka samo lambobin.

Can wajen ƙarfe tara na dare mutanen namu biyu za su ƙirga maki, su kwashe audugar, su jera sojojin cikin akwati mai soso don kada fenti ya goge. Wanda ya riƙe runduna ta shida ta Jamus, wato ta Paulus, zai mayar da nasa cif, ba wanda ya ɓace. Daga cikin sojoji kimanin 91,000 da aka kama a Stalingrad a farkon 1943, waɗanda suka sake ganin gida ba su wuce 6,000 ba.